Dogon harsashi a bindigar ɗurin baki: zai yi min farautar barewa kuwa?

Sabon_Maharbi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a harkar bindigar toka, wato mai ɗurin baki, ku zo ku fitar da ni daga duhu, wallahi kaina ya kulle.

Ina zaune ne a jihar Ohayo ta Amurka, shekara uku kenan ina fita farautar barewa amma da kwari da baka nake yi. Bana ne dai na ce bari in shiga kwana huɗun nan da ake ware wa masu bindigar toka a farkon Janairu, tunda lokacin mutane sun ragu a daji kuma in an yi sa'ar dusar ƙanƙara bin sawu ya fi sauƙi. Sai na sayi wata ta hannu, kaliba .50, wato faɗin ramin bututunta rabin inci, irin mai guduma a gefe da ake sa wa 'yar hular wuta lamba 11, tsawon bututunta inci 28. Ba littafi ba komai, mai ita ya ce shi ma gadonta ya ci.

Wani abokin aikina da ya ji na saya sai ya kawo min dogayen harsasai cike da gwangwani, ya ce shi ya narka dalma ya zuba su da hannunsa, kuma wai in manta da ɗan mulmulen nan da ake naɗewa a ƙyalle, wai wannan na yara ne, dogon shi ke kayar da kishimi nan take. Na ɗora ɗaya a sikeli ya ba ni giren 370 da 'yan kai (giren shi ne ɗan ma'aunin nauyin da ake auna harsashi da albarushi da shi). Ranar Asabar na je filin gwaji na auna albarushi giren 110, saboda a tunanina harsashi mai nauyi ai sai wuta mai yawa. Abin da ya biyo baya ba daɗin ji.

Na farko dai shigar da shi ma yaƙi ne, sai da na riƙa dukan sandar ɗuri da tafin hannu har ya yi ja, a harbi na uku kuwa sai da na jingina sandar da gungumen rumfa na danna da ƙarfin tsiya. Na biyu, a yadi 50 kacal, harbi biyar, sun warwatsu kamar an watsa wa kaji tsaba, ɗaya ma bai taɓa takardar ba sam. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne guda biyu ramin da suka yi ba zagayayye ba ne, dogo ne a kwance, kamar harsashin da gefe ya shiga. Kafaɗata kuwa kar ma a yi zance, har yau ban iya ɗaga hannu in sa riga ba sai na cije baki.

To tambayata, bindigar ce ta mutu aka sayar min, ko harsashin ne, ko ni ne ban iya ba? Kuma tsakani da Allah dogon harsashi ya fi mulmulen a kan barewa ko surutu ne kawai? Saura sati uku a buɗe.

Baba_Mai_Toka ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai ka gode wa Allah da ka dawo gida da yatsunka goma. Giren 110 a ƙarƙashin harsashi mai nauyin 370, a tsohuwar bindigar da ba ka san tarihinta ba, ga harsashin sai da duka yake shiga, ai ka ɗebo da zafi. Kar ka sake. Harsashi in ya ƙara nauyi, matsin da ke cikin bututu ƙaruwa yake, don haka rage albarushi ake yi ba ƙarawa ba. Ka juya lissafin ne.

Ban yi zaton bindigarka ta mutu ba. Abu biyu nake zargi, kuma duk za ka iya dubawa yau da daddare a ɗakinka ba tare da ka ƙona ko ƙwayar albarushi ɗaya ba.

Na ɗaya murɗin ciki. In ka haska tocila cikin bututun za ka ga tsaga-tsaga da suke tafiya a murɗe, su ke juya harsashi kamar yadda yaro ke murza katantanwa ta tsaya a kan tsininta. Mulmule ba ya buƙatar juyi da yawa tunda ko ta ina ka kalle shi ɗaya ne, ba shi da kai ba shi da gindi. Amma dogo in bai samu isasshen juyi ba sai ya fara tangaɗi yana wuntsilawa a iska, shi ne ka ga ya shiga takarda a kwance. Bututun da aka yi domin mulmule murɗinsa a hankali yake, zagaye ɗaya a inci 60 ko 66 ko ma 70. Na zamani masu ɗaukar wuta ta baya, irin waɗanda suka yaɗu tun da Tony Knight ya fito da bindigar MK-85 a 1985, yawancinsu zagaye ɗaya ne a inci 28. A tsakiya akwai 1 a 48, shi ne aka sa wa bindigar Hawken ta kamfanin Thompson/Center da ta cika Amurka tun daga 1970, an yi shi ne ya ɗauki kowanne, duk da dai ba gwani ba ne a kowanne.

Ga yadda za ka auna. Ka fara tabbatarwa babu ɗuri a ciki. Ka sa ƙyalle mai ɗan maiƙo a kan sandar goge-goge yadda zai kama bango sosai, ka tura har ƙasa. Ka manna salatif a jikin sandar daidai bakin bindiga, ka kuma manna wani a can sama kamar tuta yana kallon saitin gaba. Sai ka riƙa jawowa sannu a hankali, ka bar sandar ta juya da kanta, kar ka riƙe ta gam. Da tutar ta yi kwatan zagaye ka tsaya, ka auna daga bakin bindiga zuwa salatif na farko, ka ninka sau huɗu. In ka samu inci 12 to 1 a 48 ce. In ka samu 16 da rabi, 1 a 66 ce, kuma in haka ne ka mayar wa abokinka gwangwaninsa ka yi masa godiya. Ka yi sau uku domin wani lokaci ƙyallen kan zame.

Na biyu ita kanta dalmar. Ɗauki ɗaya ka karce shi da farcen babban yatsa. Dalma tsantsa farce na shiga ya bar layi mai sheƙi. In farcenka ya zame kawai to an gauraya ta. Ko ka sake shi a kan siminti, mai laushi "dif" za ka ji, mai tauri sai ta yi ɗan ƙara kamar ƙarfe. Ina da yaƙinin abokin naka da dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota ya zuba, mutane na son ta saboda a banza ake samu, amma akwai sinadarin antimoni a ciki wanda ke sa ta tauri. Ga bindigar zamani wadda ba ta baki ake ɗura ta ba tana da kyau, ga tamu ba ta yi. Domin namu harsashin dole tsagar bututu ta yanke shi tun a baki lokacin ɗuri, sannan idan wuta ta tashi ta daki gindinsa ya ɗan kumbura ya toshe ko'ina. Mai tauri ba ya yankuwa ba ya kumbura, sai wuta ta riƙa zurarewa ta gefensa.

Kuma dukan da kake yi wa sanda, nan ne haɗarin yake. Ranar da ya maƙale a tsakiya ka ɗauka ya kai, aka samu fili tsakaninsa da albarushi, bututu na iya kumbura ko ya fashe a hannunka. Ka yi wa sandarka alama da wuƙa a inda take tsayawa idan ɗuri ya zauna daidai.

Wane albarushi ma kake amfani da shi? Ba ka faɗa ba. In baƙi ne na asali ko Pyrodex, wato garin da ake amfani da shi a madadin baƙin, to da ma'auni ake auna shi, ba da sikeli ba, kuma daga ma'auni ake zubawa, ba daga gora kai tsaye ba. In Triple Seven ne, wani madadin kuma, ka rage kashi 15 cikin ɗari domin ya fi zafi. Garin harsashin zamani marar hayaƙi kuwa ko da wasa kar ya kusanci bakinta, ko da launinsa baƙi ne.

Injiniya_Bello ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma a ba ni dama in ɗan yi gyara a waje ɗaya, kar ɗan'uwanmu ya tafi da cewa bututu mai murɗi a hankali ba ya harba dogo kwata-kwata.

Ai sojojin Amurka a yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 da dogon harsashi suka yi, wanda ake kira Miniye, sunan wani hafsan sojan Faransa ne Claude-Étienne Minié da ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1840. Bindigar Springfield kaliba .58 harsashinta ya kai wajen giren 500, albarushi giren 60 kawai, ita kuwa Enfield ta Ingila ta 1853 murɗinta zagaye ɗaya ne a inci 78, ya ma fi na mulmulen da Baba ya ambata jinkirin juyi. Kuma suna tafiya da kai ba a kwance ba. Me ya sa? Saboda gindin Miniye rami ne kamar ƙoƙo, nauyin duk yana gaba, kamar kibiya, sannan in ka kwatanta tsawonsa da kaurinsa ba wani dogo ba ne can. To ashe ba nauyi ne ke neman juyi ba, tsawo ne. Wannan shi ne abin da nake so Malam ya riƙe. Harsashi biyu masu kauri ɗaya, wanda ya fi tsawo shi ya fi buƙatar murɗi mai sauri, shikenan.

Shi ya sa ko da ta fito 1 a 66 akwai gajeru da za a iya gwadawa. Kamfanin Lee na da mazubin da suke kira REAL, a kaliba .50 akwai giren 250 akwai 320, na 250 ɗin gajere ne sosai kuma mutane da dama na samun sa'a da shi a bututun mulmule. Hornady ma na da PA Conical giren 240. In kuwa ta fito 1 a 48 to ƙofa ta buɗe, ga Maxi-Ball na 320 da 370, ga Great Plains na Hornady mai 385 wanda bakinsa ke da rami. Amma masu giren 460 zuwa sama ka bar wa masu 1 a 28 da 1 a 32, linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza.

Sai dai mai ramin gindi yana da nasa sharaɗin, ba ya son wuta da yawa, in ka cika masa albarushi bakin ƙoƙon sai ya buɗe kamar lema yana fita daga bututu, ya tafi inda ya ga dama.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne zurfin tsagar. Bututun da aka yi takanas domin mulmule tsagarsa na da zurfi domin ƙyalle ya samu wurin shiga, dogon harsashi kuwa tsirara yake shiga ba ƙyalle, don haka ya fi son tsaga marar zurfi wadda zai iya cikewa. In mai zurfi ce wuta na bi ta ƙarƙashin tsagar ta narka gefen dalmar. Maganin da na gani yana aiki shi ne ɗan faifan ulu mai maiƙo da ake sakawa tsakanin albarushi da harsashi mai shafaffen gindi. Abu ne ɗan mitsitsi amma a tawa bindigar shi ya haɗe min harbi daga faɗin tafin hannu biyu zuwa ɗaya. Kar dai a sa shi ƙarƙashin mai ramin gindi, yana iya cusuwa cikin ramin ya ɓata lissafi.

Batun wanne ya fi kuma, ga lissafin a taƙaice. Mulmulen .490 nauyinsa wajen giren 177 ne, kusan giram 11 da rabi. Naka 370 ya kai giram 24, ya ninka shi har da ɗoriya. Mulmule ya fi fita da gudu amma iska na cin sa da wuri, kafin yadi 100 ya zubar da mafi yawan ƙarfinsa. Dogo a hankali yake fita amma yana riƙe abin da ya ɗauko, kuma ya fi ratsa ƙashi. Kuɗin da kake biya shi ne shurin da ka sha a kafaɗa, da kuma lanƙwasar hanya, domin yana saurin sunkuyawa ƙasa, dole ka san nisan abin da kake harbi.

Dan_Mulmule ya rubuta:

Hhhh wai na yara ne. Malam ka gaida min abokin aikin naka, kace masa barewar da aka kayar da mulmule a ƙasar nan tun kafin a haifi kakan kakansa ba ta ƙirguwa, kuma ko ɗaya bata tashi tace ita a sake mata da dogo ba.

Ni a Fensilbeniya nake, muna da lokacin masu bindigar ƙyastu zalla bayan Kirsimeti, ba hula ba komai sai dutse da garin kasko, kuma abin da nake ɗurawa kenan, mulmule da ƙyalle da giren 80 na baƙin albarushi mai lambar FFg. Dajin da nake shiga in ka hango yadi 60 ma kayi sa'a, to me zanyi da harsashin da zai ɓalla min kafaɗa? Gaskiyar magana barewa mai farar wutsiya ba wata babbar dabba bace, fatarta siririya ce haƙarƙarinta ba kauri, in ka saka mata dalma mai faɗin rabin inci a huhu biyu ba inda zata je. Mulmule mai laushi yana baɗewa ya zama kamar kwabo a ciki.

Abin da na fi jin tsoro a labarinka ba murɗi bane, kafaɗar ce. Mutumin da bindiga ta shura sau biyar irin wannan, jiki magayi, zai fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ta tashi, kuma shi bai ma san yana yi ba. Ita kuma mai guduma akwai ɗan jinkiri tsakanin faɗuwar guduma da fitar harsashi, duk motsin da kayi a wannan ɗan tsakanin sai ya nuna a takarda. Ka sa wani ya ɗura maka ya juya baya, wani lokaci ya sa hula mai rai wani lokaci wadda ta riga ta ƙone, zaka ga yadda hancin bindigar ke dukan ƙasa in bata tashi ba, zaka sha mamakin kanka.

Nidai shawarata saura sati uku, ba'a fafe gora ranar tafiya, ka sayi mulmule kwali ɗaya ka koyi bindigar dashi tukuna.

Mai_Hawan_Dutse ya rubuta:

Dan_Mulmule ka faɗi gaskiyar dajinku, amma ba ko'ina ne yadi 60 ba yayana. Mu nan Kolorado fili ne da tsaunuka, barewarmu ma irin mai kunnen alfadari ce, ta fi taku jiki, kuma a lokacin bindigar toka na watan Satumba doka ta hana harsashi mai rigar roba, ta hana madubin hange, ta hana dunƙulallen albarushi, sai gari. Don haka yawancinmu dogon dalma muke ɗurawa, ba don gayu ba. Kowace jiha da nata, a Kalifoniya ma tun Yulin 2019 an hana farauta da dalma gaba ɗaya. Sabon_Maharbi ka karanta ɗan littafin dokar jiharku na bana da kanka, kar ka dogara da abin da wani ya ce a nan har da ni.

Abu biyu zan ƙara waɗanda a jikina na koye su.

Dogon harsashi yana zamewa. Mulmule ƙyalle ne ke riƙe da shi gam, shi kuwa dogo da zarar tsaga ta yanke shi a baki to sauran tafiyar sululu yake yi, musamman a wankakken bututu mai santsin mai. Wata shekara na tashi tun asuba na ɗura, na rataya bindiga hancinta na kallon ƙasa saboda yayyafi, na yi ta hawa da sauka cikin duwatsu wajen awa uku, har na zame sau ɗaya na zauna daɓas. Da na tsaya shan ruwa sai kawai zuciyata ta ce duba. Na cire hula, na zura sanda, sai ga alamar da na yi da wuƙa ta tsaya sama da baki da kusan yatsa uku. Wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi, domin minti ashirin kafin nan na ga wata mace na ɗaga har na ja guduma, kawai dai ba ta juyo min gefe ba na fasa. Da na harba Allah kaɗai ya san abin da zai faru da hannuna na hagu. Tun daga ranar hancinta sama yake kallo, ina rufe bakin da salatif ɗin lantarki saboda ruwa, ba ya hana komai iskar gaba ce ke huda shi, kuma duk sanda na tsaya hutawa sai na cire hula na taɓa da sanda. A cire hula tukuna fa, kar a manta, kuma fuska da tafin hannu su kauce daga saitin baki.

Sai maganar "kayarwa nan take". Wannan zance ne na teburin shayi. Dogo mai ɗan tsinin baki, in dalmar ta yi tauri, wucewa yake fit ta cikin haƙarƙari kamar an soka tsinke, ramin shiga da na fita kusan ɗaya, fata ta koma ta rufe, jinin ya taru a ciki. Na taɓa harbin wani kishimi a wajen yadi 80, hayaƙi ya turnuƙe ban ga komai ba, da ya washe ba kishimi ba alamarsa. Na je wurin, gashi kaɗan, jini ko ɗigo. Na kusa cewa na kuskure. Sai da na yi ta zagaye ina faɗaɗawa, can bayan taku kusan saba'in na ga ɗigo ɗaya a kan ganye, ja mai haske da 'yan kumfa, na ce huhu ne. Yana kwance bayan wani gungume bai fi taku arba'in daga nan ba. Tun daga lokacin na koma mai faffaɗan baki ko mai rami a baki, kuma dalma mai laushi zalla, domin faɗin bakin ne ke yanka hanya, ba nauyin ba.

Don haka in ka harba, kar ka kalli hayaƙi, ka sunkuya ka leƙa ta ƙarƙashinsa ko ta gefe ka ga inda ta nufa, ka kasa kunne. Ka riƙe bishiyar da take tsaye kusa da ita a ido. Ka sake ɗuri a nutse, ka ba ta kamar rabin awa. In ka ga jini baƙi-baƙi hanta ce, ka ƙara haƙuri sosai, in kuwa ka ga kore-kore da wari to tumbi ka samu, ka ja da baya ka ba ta awanni, in ka matsa mata tashi za ta yi ta shiga inda ba ka da izinin shiga.

Sabon_Maharbi ya rubuta:

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Na auna sau uku kamar yadda ka ce, inci 12 nake samu, sau ɗaya 12 da ɗan kai, to 1 a 48 ce. Harsashin abokina kuwa farcena ko gezau, da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce eh na ƙafar mota ne wani mai gareji ya tara masa, wai shi a ƙaramar bindigarsa yake harba irin dalmar ba ta taɓa ba shi matsala ba. Ban ja da shi ba, na dai ce na gode. Albarushin kuma Pyrodex ne samfurin RS, na manta ban faɗa ba.

Da na haska ciki sai na ga dalma ta manne a tsagar kamar an shafa azurfa, na kwashe kusan awa ina gogewa kafin ta fita. Jiya na koma fili da kwali biyu, mulmule da ƙyallensa domin Dan_Mulmule kar ya yi fushi, da kuma dogo mai giren 320 na dalma mai laushi, da faifan ulun Injiniya. Bambancin ɗuri kaɗai ya isa labari, da ɗan guntun sanda na fara shi, ƙwas ɗaya ya shige, sauran da hannu ɗaya ya sauka har na ji ya zauna a kan gari.

Na fara da 70, harbi uku uku, ina goge ciki da ɗanyen ƙyalle sannan busasshe bayan kowane harbi. A 70 sun haɗu kamar faɗin tafin hannu. A 80 da faifan ulu biyu sun taɓa juna na ukun yana gefe da inci ɗaya da wani abu, duk ramukan zagayayyu tas. A 90 sai suka fara buɗewa kuma kafaɗa ta fara tuna min da ranar Asabar, sai na koma 80 na tsaya. Na matsar da takarda yadi 100, nan kuma ya sauka ƙasa da wajen inci shida kuma gaskiya da saitin ƙarfe ɗigon gaba ya rufe min rabin takardar, don haka na yanke wa kaina yadi 75, abin da ya wuce haka ta tafi Allah ya haɗa mu gaba.

Mulmulen ma fa ya yi kyau, kusan daidai da dogon a yadi 50, kuma harbinsa daɗi kamar wasa. Kuma Dan_Mulmule ka yi gaskiya, mai kula da filin ya yi min dabarar hular, na ga kaina ina dukan ƙasa da hanci ba harbi ba komai, kunya kamar in nutse. Ina kan gyarawa. Amma dai dogon zan ɗauka, domin inda zan zauna bakin gonar masara ce da aka girbe kuma iyakar filin maƙwabci ba ta da nisa, ina son wanda zai ratsa ya fita.

Saura tambaya ɗaya. In na ɗura da asuba ban harba ba har magariba, sai na harbar da shi a banza kullum, ko zan iya barinsa zuwa gobe?

Baba_Mai_Toka ya rubuta:

Madalla ɗana, haka ake yi. In bututun wankakke ne busasshe lokacin da ka ɗura, kuma ba a yi ruwa ya jiƙa ta ba, za ka iya barinsa har kwana huɗun. Ka cire hula, ka sa ɗan guntun fata a kan hancin wutar, wato inda ake ɗora hula, ka sauke guduma a kai, ka ɗaura jan ƙyalle a jikin kunama domin kowa ya san da ɗuri a ciki, har da kai kanka. Amma kar ka shigo da ita ɗaki mai ɗumi daga cikin sanyin Janairu, ƙarfen zai yi gumi ciki da waje, garin ya jiƙe, gobe ka ja kunama ka ji "ƙyas" kawai kishimi na kallonka. Ka bar ta a kulle a wuri mai sanyi inda yara ba sa kaiwa. In kuwa ka riga ka yi harbi ko sau ɗaya a ranar to babu kwana, ka fitar da ɗurin ka wanke da ruwa a daren, domin dauɗar Pyrodex na cin ƙarfe da wuri.

Ranar farko kafin ka ɗura, ka goge man ajiya tas, ka fasa hula biyu ko uku a bututu ba komai, hancin na kallon ganye ko dusar ƙanƙara, in ka ga ya motsa to hanyar wuta a buɗe take. Kuma tunda a fili kana gogewa bayan kowane harbi, ka je sau ɗaya ka gwada harbin farko daga wankakken bututu mai sanyi ka ga inda yake sauka, domin shi ne wanda za ka yi a daji, wani lokaci yana ɗan bambanta da sauran. In ta ƙi tashi, ka ci gaba da riƙe ta a saiti minti guda cur kafin ka taɓa komai.

Harsasan gwajin nan da ka yi, man da ke cikin tsagarsu mai laushi ne ko mai tauri? Ka saka guda biyu a firiza su kwana ka gwada ɗura su da safe, wani man in ya sha sanyi daskarewa yake kamar kyandir, gara ka sani yanzu.